Gona Ma Tana Taɓa Sama: Noma, Ban Ruwa da Tafiyar Iska

(KIƊAN BUƊE SHIRI, SANNAN A SASSAUTA)

MAI GABATARWA: Gaisuwa ta musamman ga mutanen ƙasar Ruma da na ƙasar Safana: na Batsari da Ruma da Wagini, na Runka da Zakka da Babban Duhu, da duk ƙauyukan da ke jingine da dajin Rugu. Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, Ya sa a koma gonakin da tsoro ya sa aka bari.

Kowane manomi ya san abin da sama ke yi wa gona. In ta ba da ruwa a ci, in ta hana a sha wuya. Yau ta ɗaya ɓangaren za mu duba. Shin abin da muke yi a ƙasa, sassabe da sare itace da kwashe kara da ban ruwa, yana taɓa iskar da ke kaɗawa a kanmu da hadarin da ke haɗuwa? Amsar ita ce yana taɓawa. Sai dai ba ta hanyar da yawancinmu ke zato ba.

Kafin wani dattijo ya ce, "Malam, ai ruwa na Allah ne," to Baba, gaskiyarka. Shi ke saukar da shi inda Ya so, lokacin da Ya so. Amma Shi ne kuma Ya yi wa kowane abu sababi, kuma sanin sababi bai taɓa hana mumini ɗaga hannu ba.

Mu fara da rana. Zafin da take zubowa a gonarka, wurare biyu yake tafiya. Ɗora tukwane biyu a murhu ɗaya, ɗaya da ruwa ɗaya babu komai. Mai ruwa, wutar za ta ƙare a wajen mayar da ruwan tururi. Wadda babu komai kuwa, ita kanta za ta yi jau, ta gasa duk abin da ya kusance ta. Haka ƙasa take. In tana da laima da ganye, zafin rana zai tafi wajen ɗaga ruwa sama, iskar wurin ta yi sanyi da danshi. In fako ce ko jigawar da aka share tas, zafin zai gasa ƙasar, ƙasar ta gasa iska. A watan Afrilu da Mayu, rairayin da ba shi da rufi yakan wuce digiri 50 da tsakar rana.

Kada ku raina ruwan da ganye ke ɗagawa. Ruwa milimita 1 a fadin hekta 1, lita 10,000 ke nan. Lambun tumatir ko albasa ko masarar rani, in bazara ta kama, yakan sha milimita 6 zuwa 8 a yini. Wato lita 60,000 zuwa 80,000, duro 300 zuwa 400 a kowace hekta, kowace rana. Ɗan kaɗan ne ke zama a jikin shukar, sauran duk sama yake tafiya. Kuma zafin da lita guda ke haɗiyewa kafin ta zama tururi ya ninka wanda ake buƙata a tafasa ta fiye da sau 7. Shi ya sa in ka taho daga jigawa ka gangara fadama da rana tsaka, jikinka ke ba ka labari tun kafin ka ga ganye.

To daga nan iska ke samo asali. Iska mai zafi ba ta da nauyi, tashi take yi. Mai sanyi tana da nauyi, sai ta kwararo ta cike gurbin. Duk inda wuri mai zafi ya yi maƙwabtaka da wuri mai sanyi, iska za ta motsa daga mai sanyin zuwa mai zafin.

Daminarmu kanta haka take zuwa. In bazara ta yi nisa, hamadar Sahara ta ɗauki zafi, iskar kanta ta tashi, sai ta jawo iskar teku daga kudu maso yamma, ta ratso dazuzzukan kudu, ta iso mana wajen watan Mayu zuwa Yuni ɗauke da danshi. In kaka ta wuce, abin ya juya: busasshiyar iskar arewa maso gabas ta karɓe fili, ta kawo hunturu da hazon da yawancinsa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi yake tasowa. Wani zai ce, in danshi daga yamma yake zuwa, me ya sa hadarin gabas ke ba mu ruwa? Saboda can sama, wajen kilomita 3 zuwa 4, akwai wata iska mai ƙarfi da ke gudu daga gabas zuwa yamma, ita ke tura hadarin. Ita ma abin da ya haife ta shi ne bambancin da ke tsakanin busasshiyar hamada a arewa da koren ƙasa mai laima a kudu. Kun ga ke nan, tun daga manyan iskoki, yanayin ƙasa na da hannu.

Yanzu mu sauko kusa da gida. Sau nawa aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a Wagini, ƙauyen da ke gaba kaɗan ko ɗigo bai gani ba? Wani masanin yanayi ɗan Ingila, Christopher Taylor, da abokan aikinsa sun bi diddigin wannan. Sun duba hotunan tauraron ɗan Adam na daminar 2006 zuwa 2010 a yankin Sahel, sun bi dubban hadari tun daga inda kowanne ya fara haɗuwa. A 2011 suka fitar da abin da suka gano: inda jiƙaƙƙiyar ƙasa ta yi iyaka da busasshiya, a faɗin kilomita 10 zuwa 40, yiwuwar hadari ya tashi ta ninka ta inda ƙasar take bai ɗaya. Kimanin hadari 1 cikin 8 ta haka yake farawa. Abin mamakin shi ne ba a kan jiƙaƙƙiyar yake haɗuwa ba. A gefen busasshiyar yake tashi. Sanyayyar iska mai danshi tana kwararowa daga inda aka yi ruwa jiya, ta ci karo da zafin inda ba a yi ba, zafin ya cilla ta sama, gajimare ya haɗu.

Ku riƙe wannan, don shi ne mabuɗin maganar ban ruwa. Danshi shi kaɗai ba ya haɗa hadari. Sai an sami zafin da zai ɗaga shi.

(GAJEREN KIƊA)

MAI GABATARWA: Masu sauraro, barkanmu da dawowa. Muna magana ne a kan yadda aikin gona ke taɓa iska da hadari.

Akwai maganar da ake yawan yi a majalisa, cewa in aka yi dam aka buɗe noman rani, ruwan sama zai ƙaru a wurin. Bari mu je inda aka gwada abin da gaske. A ƙasar Sudan, kudu da Kartum, tsakanin rassa biyu na kogin Nilu, akwai filin ban ruwa na Jazira. An fara shi a 1925 bayan an gama dam ɗin Sinnar. Wurin ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Garin Mai Wurno, wanda mutanenmu suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, yana nan kusa da Sinnar, kuma da gumin 'yan uwanmu da suka tsaya a hanyar Makka aka nome audugar Jazira shekara da shekaru. Wajen 1960 aka faɗaɗa filin, ya kai kusan hekta 880,000. Ya fi kashi ɗaya cikin uku na faɗin jihar Katsina gaba ɗayanta.

A 2015 masana daga jami'ar MIT ta Amurka, cikinsu har da wani farfesa ɗan Sudan, Elfatih Eltahir, suka tattara lissafin ruwan sama na gomman shekaru daga tashoshin awo na yankin. Me suka gani? Bayan faɗaɗa ban ruwan, ruwan sama ya ragu a kan ita Jazirar, ya ƙaru a gabas da ita, wajen Gadarif, inda ake noman dawa da riɗi da ruwan damina. Dalilin shi ne wanda muka faɗa ɗazu. Ban ruwa ya sanyaya filin, iskar kansa ta yi nauyi ta daina tashi, sai ta bazu zuwa gefe, ta je ta tashi a kan ƙasa mai zafi. Wani ya yi ban ruwa, maƙwabcinsa ya sami hadari.

To mu a nan fa? Manyan ruwayen da ke kusa da mu biyu ne. Dam ɗin Zobe a kan kogin Karaduwa kusa da Dutsin-Ma, wanda aka kammala a 1983, an tsara shi ya shayar da kimanin hekta 8,000. Dam ɗin Jibiya a kan kogin Gada, filinsa bai kai rabin haka ba. Ko da Zobe ta cika alkawarinta kaf, Jazira ta ninka ta fiye da sau 100. Balle lambunan da muke yi a bakin rafi da ɗan injin ban ruwa da tiyo. Saboda haka kada wani ya ruɗe ku. Noman ranin Batsari da Safana ba zai kira hadari ba, ba kuma zai kore shi ba. A yi shi don abinci da kuɗin kashewa da hana matasa tafiya ci-rani, waɗannan dalilai sun isa.

Abin da lambu ke canzawa shi ne iskar da ke kansa da kewayensa. Tana sanyi, tana danshi, raɓa na yawa. Wannan na taimakon alkama da tumatir, amma in ruwa ya kwanta yana tara sauro da ciwon ganye. Kuma ga wani abu da ke cin aljihun mai lambu bai sani ba. Ƙaramin lambu a tsakiyar busasshen fili, iskar hunturu ce ke shanye ruwansa. Tana zuwa a bushe, ta kwashi danshin, ta wuce, wata ta biyo baya. Kai kana sayen fetur kana jawo ruwa, iska na ɗauka. Darnin kara, ko layin zogale, ko shingen lalle a gefen gabas da arewa, yana rage wannan asara. Ban ruwa da sassafe ko da la'asar sakaliya ya fi na tsakar rana. Rufe gindin shuka da ciyawa ko ƙaiƙayi na sa laima ta kwana biyu.

Sai maganar itatuwa da fari. Dattawanmu ba su manta 1973 ba, ba su manta 1984 ba. Bayan farin farko, a 1975, wani masani Ba'amurke mai suna Jule Charney ya ce laifin na ƙasa ne: an cinye ciyawa, an sare itace, ƙasa ta yi fari fat tana mayar da hasken rana sama, shi ya sa hadari ya daina haɗuwa. Shekaru da dama ana ɗora wa manomi da makiyayi laifin. Sai a 2003 wata masaniya, Alessandra Giannini, da abokan aikinta suka nuna cewa babban abin da ya jawo wancan dogon farin shi ne canjin ɗumin ruwan tekuna, dubban kilomita daga nan. Ba gatarin Bakatsine ne ya kawo farin 1984 ba. Amma binciken bai wanke gatarin tas ba. Teku ke fara abin, tsiraicin ƙasa ya ƙara masa tsanani da tsawo. Ƙasa mai itace tana riƙe ruwan da ya sauka, saiwa ta jawo shi, ganye ya mayar da shi sama, iska ta kai shi gaba ya sake sauka. Ƙasar da aka tsiraita, ruwan gudu yake yi ya bi rafi ya tafi.

Wannan ya fi muhimmanci yanzu, don damina ta sauya hali. Shi dai Taylor ɗin nan, a 2017, ya nuna cewa manyan hadarurruka masu tsananin ƙarfi a Sahel sun ninka sau 3 tun daga 1982. Ruwan ya dawo, amma da faɗa yake zuwa, sannan ya ɗauke ƙafa kwana da kwanaki. Mutanen Jibiya sun ga irinsa a watan Yuli na 2018, daren da ambaliya ta ci fiye da mutum 40. Allah Ya ji ƙansu. Irin wannan ruwa in ya faɗo a gonar da ba kara ba itace, da ƙasar noman yake tafiya.

(GAJEREN KIƊA)

MAI GABATARWA: Yanzu mun zo inda hannun manomi ya fi kaiwa. Iskar da ke can sama ta fi ƙarfinmu. Amma iskar da ke shafar ƙasa, wadda ke bi ta kan kunya, wannan kam gonarka ce ke yanke mata gudu.

Ku tuna farkon damina. An yi shuka ko an yi binne, gero ya tsiro ya yi kunne biyu. Hadari ya haɗu a gabas, kafin ɗigon farko sai iska ta taso ja wur. Rairayi ya riƙa yankar tsiron, wani ya binne shi. Gari ya waye a koma neman iri. Kuma ƙurar da ta tashi ba banza ba ce, ita ce lallausar ƙasar da ke riƙe taki. A cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai, an gwada barin karan gero a kwance a gona. Tan 1 zuwa 2 a hekta ya rage rairayin da iska ke kwasa da kusan rabi.

Na san abin da za a ce. "Malam, kara ai abincin dabba ne, makamashi ne, danga ce, kuɗi ne a kasuwa." Haka ne. Ba a ce a bar shi duka ba. A kwashe na fadama da na inda ƙasa ke da nauyi, a bar na tudun da iska ta fi duka. Abin da ba shi da hujja ko kaɗan shi ne a tara shi lokacin sassabe a cinna masa wuta.

Layin itace ya fi kara nisan aiki. A kwarin Majiya, ƙasar Buza a jihar Tawa ta Nijar, iska ta kai tana kwashe gonaki. Daga 1975 manoma da ma'aikatan gandun daji, da taimakon ƙungiyar CARE, suka fara dasa bedi layi bibbiyu, tsakanin kowane shinge da na gaba mita 100. Da aka auna, geron da ke tsakanin shingayen ya ƙaru da kashi 15 zuwa 23 cikin 100. Lissafin mai sauƙi ne: shinge na kare fili mai nisan tsawonsa sau 10. Bedi mai tsawon mita 10 zai kare mita 100 a bayansa. Tunda muguwar iskarmu daga gabas take fitowa, layin ya miƙe daga kudu zuwa arewa. Kada ya toshe ruf, a bar iska ta riƙa tacewa ta cikinsa, don in ya toshe tsallakewa za ta yi ta faɗo da ƙarfi. Kuma a sani kunyoyin da ke gindin bedi za su ragu, ribar tana gaba. Mu ma a jihar nan an dasa irin waɗannan shingaye a arewacinta tun ƙarshen shekarun 1980, da tallafin ƙasashen Turai. Inda aka kiyaye su suna nan suna aiki.

Wanda ba shi da kuɗin dashe fa? Ya leƙa Maraɗi, nan bayan Jibiya. A 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa sabara da kalgo da sauran tsirrai da ake sassabewa kowace shekara kututturan itatuwa ne masu rai, saiwarsu na nan a ƙasa. Maimakon a sare duka, a zaɓi reshe 2 ko 3 masu ƙarfi a kowane kututture, a datse sauran, a bar su su tashi. Manoman Maraɗi da Damagaram suka karɓi abin, maƙwabci na koyo wajen maƙwabci. Yau ana lissafin kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200 da suka dawo ta wannan hanya. Can ruwansu bai kai namu ba. Kuma manomansu kan ce tun da itatuwa suka tashi, sun rage maimaita shuka saboda iska. Ga gawo kuma, da ke zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, ya yi ganye da rani ya ba dabba inuwa ta zuba taki a gindinsa.

Itace 40 a gona ɗaya zai gyara gonar. Amma sai gonakin gari guda sun haɗu kafin iskar gari ta lafa, sai garuruwa sun haɗu kafin a ji a yanayin ƙasa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Nan ne aikin masu unguwanni da dagatai da hakimai: a kafa dokar gari cewa wanda ya rena itace a gonarsa nasa ne, ba mai shiga ya sare. Wanda ke noma gonar aro ko haya, a yi magana da mai ita tun farko a kan rabon itacen. A Nijar, sai da manomi ya tabbata itacen nasa ne sannan ya bar shi.

Ba za mu rufe ba sai mun taɓa dajin Rugu. Mun san abin da mutanen Batsari da Safana suka gani daga cikinsa a shekarun nan, kuma wanda aka kashe wa ɗa ko aka kore masa shanu, in ya ce a share dajin kowa ya huta, ba za a ga baikensa ba. Amma a yi tunani. Dajin nan yana yamma da mu, ta inda iskar damina ke shigowa. Shi ne babban fili mai itace da ya rage mana, mai riƙe ruwan rafuka da ciyar da dabbobi da sanyaya iska. Ga masu gawayi da masu itacen sayarwa na cin sa ta gefe. Tsaro hakkin hukuma ne, a matsa mata ta sauke shi. In aka tsiraita Rugu, ɓarawo zai koma wani dajin, mu kuma a bar mu da zafi da ƙura.

Saboda haka ga aikin bana. Lokacin sassabe, kafin ka ɗora gatari a kan kututture, zaɓi reshe biyu ka bari. Kada ka ƙone kara. Dubi gabashin gonarka, ka yi magana da maƙwabtanka na kudu da na arewa a kan layin itace ɗaya da zai ratsa gonakinku. Mai lambu ya yi shinge kafin hunturu ya kama. Sannan a saurari hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa a farkon kowace shekara, a tambayi malamin gona irin da ya dace da shi.

Nan za mu dakata. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kare mu daga fari da ambaliya, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mako mai zuwa idan Mai Duka Ya kai mu. Wassalamu alaikum.

(KIƊAN RUFE SHIRI)